Fuskar Bulik Rukini

Jama'a, a matsa, a ba da hanya! Mai hula ya gyara mata zama, mai tabarau ya goge. Ga giwar gonar gishiri nan tafe, sarauniyar manjagara, macen da rana ta yi shekara da shekaru tana gasawa har yau ba ta nuna ba, wadda ta taɓa tsayar da makaranta guda cak ba ko takalmi a ƙafarta. Rukini ke nan 'yar Sarmi, ta ƙauyenmu na bakin teku, gabas da garin Rembang. Ƙanwar uwata ce, shi ya sa nake ce mata Bulik. Ni kuwa mai wannan shela sunana Sarju, ɗan acaɓa, wanda ya leƙa sakandare ya ga malaman ba su da niyyar fahimtarsa, ya sallame su cikin mutunci.

In kun gamu da ita a hanya ba za ku waiwaya ba. Gajeriya ce, baƙa wuluk, malafarta ta fi kafaɗunta faɗi. Tafin ƙafarta ya tsattsage, har na taɓa ce mata a nan ne tururuwa ke kama haya, ta bi ni da kwando. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin uwarta gonar gishiri. A jawo ruwan teku cikin fangali, a bar rana ta shanye shi, a tattara abin da ya rage da manjagara, a loda kwando a kai rumbu, gobe a sake. Mijinta ya rasu 'yarsu Gendis na goye. Ba ta sake aure ba, wai ta riga ta yi wa mutum ɗaya wanki, ya isa haka.

A bangon ɗakinta akwai hoto ɗaya tak na kakarmu, Mbah Sarmi. Sau ɗaya aka taɓa kai tsohuwar gidan hoto a birni, mai hoton kuma ya yi mata alherin da yake yi wa kowa. Ya goge tamojin fuskarta, ya share tabon da ke gefen hancinta, ya mai da ita fara sol kamar ɓararren rogo. Bulik na kakkaɓe ƙurar hoton duk Juma'a, amma ban taɓa ganin ta tsaya ta kalle shi ba. Hoton bikinta kuwa yana ƙarƙashin katifa. Kun dai san halinmu: amaryar da baƙi suka gane ta, mai kwalliya ce ta ji kunya. Sai an lafta mata hoda, an zana mata goshi, har dangi su riƙa tambayar 'yar gidan wa ce. Bulik ta ce ranar nata bikin ubanta ya gifta ta gabanta yana cigiyar amarya, mai kwalliyar kuwa ta yi wata guda tana bugun ƙirji da wannan labari.

To, Gendis ta girma, ta shiga makarantar koyon sana'a, sashen masu haɗa fim. Ita ce mai ƙwaƙwalwar gidanmu, ni aka bar mini baki. A ajin ƙarshe dole kowane ɗalibi ya haɗa gajeren fim, da shi ake ba shi takardar gamawa, wanda ya fi kyau kuma a tura shi gasar ɗalibai a birnin Semarang. 'Yan ajinsu duk suka raja'a kan aljanu da soyayya. Gendis ta ce ita uwarta za ta ɗauka.

Bulik ta yarda da sharaɗin kada a ce mata tsaya, kada a ce mata maimaita. Kyamarorin makaranta ba su da yawa, layin masu jira kuwa ya kai har bayan damina, sai Gendis ta yi amfani da wayarta. Rani guda ina kai ta gona ina dawo da ita, ina yi mata daraktan sa-kai tana korata.

Da ɗauka ta ƙare sai aka koma tacewa, a ɗakin kwamfutocin makaranta. Nakan leƙa in na zo ɗaukarta. Guntayen hotuna jere a ƙasan allo kamar kifin da aka shanya, ita kuma tana riƙe da linzamin kwamfuta, ta yanke nan, ta liƙa can, ta ɗauko ƙarar iska ta ɗora a kan ƙarar manjagara. Gaskiya yarinyar ta iya. Na ga ta sa rana ta fito ta faɗi cikin ƙiftawar ido. Na roƙe ta ta sa ni a hoto da sabon babur, ta ce manhajar tana gyara hoto ne, ba ta gyara rabo.

Ranar da ta gama ta aro ƙaramar kwamfuta ta kawo gida. Da la'asar ne, aka shimfiɗa tabarma a baranda, maƙwabta suka taru, aka soya rogo. Gendis ta danna.

Ga fangali, ga gishiri na ƙyalli, ga malafar Bulik. Sai mai malafar ta ɗago kai. Wata farar mata ce sumul, kumatu kamar ƙwai dafaffe, ko layi ɗaya babu a goshinta.

Wata maƙwabciya ta tafa hannu. "Kai, Rukini! Wallahi ba a gane ki! Sai ka ce amarya!"

A wurinmu yabo bai wuce wannan ba. Kowa ya kama, ana ta sa wa Gendis albarka. Bulik ta jira sai da fim ya ƙare, maƙwabta suka watse.

"Nduk," haka take kiran 'yarta, "wace ce wannan ta ɗauki manjagarata?"

"Ke ce mana, Mak."

"Ni? Yaushe na yi jinya ban sani ba?"

Na ce, "Bulik, ai ko ni na gan ki haka a hanya sai na nemi lambar wayarki."

"Rufe mini baki, Le," haka take kirana, "kafin in gyara maka taka fuskar ba da kwamfuta ba."

Gendis ta hau bayani. Wai kowa haka yake yi. Wai girmamawa ce, ba a nuna babba a gaban jama'a wujiga-wujiga. Bulik ta nuna bango da haɓa.

"Kin san matar can?"

"Mbah ce."

"Ba ita ba ce. Uwata baƙa ce, da tabo a nan. Yanzu in na rufe ido ina neman fuskarta, waccan baƙuwar ce ke leƙowa. Ta kore mini uwa daga cikin kai. Shi ne ke ma kika kawo mini tawa baƙuwar, in na mutu ki rataye ta kusa da 'yar'uwarta, 'ya'yanki su riƙa gaishe su."

Nan Gendis ta fashe da kuka, abin da ke cikinta ya fito. A babban ɗakin taron makaranta za a nuna finafinan, gaban ɗalibai da iyaye. Tun tana aji ɗaya, ranar da Bulik ta kai mata abincin da ta manta, wasu yara suka laƙaba mata 'yar ƙanzo, har yau sunan bai sake ta ba.

"Ƙanzo?" in ji Bulik. "Ki tambaye su me ake kokawa a kai in tukunya ta ƙare. Je ki wanke fuskarki. Ita ma kar ki goge ta duka."

Kashegari da sassafe na fito na tarar da Bulik zaune a kan babur ɗina, da malafa, da kayan gona.

"Makaranta, Le."

A ƙofar ɗakin kwamfuta doka ce kowa ya tuɓe takalmi, ga su nan tuli guda. Bulik kaɗai ce ta zo a shirye, ta wuce kanta tsaye. Ɗalibai suka daina danne-danne. Malaminsu, Pak Wiryawan, wato Malam Wiryawan, mutum ne mai sanyi, siriri, kullum da ƙamshin man zafi a jikinsa. Ya taso yana sunkuyawa.

"Sannu da zuwa, Bu," in ji shi, yadda muke kiran mace babba cikin girmamawa. "Ina fata dai lafiya?"

"Lafiya lau, Pak. Fuskata na zo karɓa. An ce a nan aka ajiye ta."

Ta ja kujera ta zauna bayan Gendis, wadda ta riga mu isa, ta ce a cire duk abin da aka shafa. Wannan ba wuya, domin manhajar ba ta taɓa ainihin hoton, ɗora masa take yi kamar mayafi kan mayafi. Gendis ta riƙa yaye su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a murtuke. Ta cire na haske. Ta cire na sulɓi. Ta cire wanda ya rage faɗin hanci, wanda ni ma sai ranar na san da shi.

"Shi ke nan, Mak. Babu saura."

Muka duba. Matar allon ta ɗan yi duhu, kamar wadda ta je kasuwa ba laima, amma har yanzu ba Bulik ba ce. Ba tamoji, ba zanen da gishiri ya yi mata a gefen ido.

"Ƙarya kike."

"Wallahi babu saura!"

Pak Wiryawan ya karɓi wayar Gendis ya shiga tone-tone. Can sai ya dafe goshi. Ashe wayar tun daga kanti take zuwa da abin gyaran fuska a kunne, tana fara aikinta tun kafin hoton ya shiga ciki. Rani guda Gendis na ɗauka, waya na yi wa Bulik kwalliya a ɓoye, ba wanda ya lura, don duk mun saba ganin kanmu haka. Ɗalibai suka zaro nasu wayoyin, kowa tasa a kunne. Malam ya juya baya ya duba tasa, ya mayar aljihu shiru. Ni ban duba tawa ba, na san kyawuna na gado ne.

Ma'ana dai, ainihin fuskar Bulik ba ta cikin kwamfuta, ba ta cikin waya, ba ta ko'ina sai a wuyanta.

"Kada ki damu, Bu," in ji malam. "Da manhajar nan za mu iya ƙara duhu. Har tamoji ana iya zanawa, ba wanda zai gane."

Bulik ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Jiya an shafa mini fari, yau za a shafa mini baƙi. Pak, ni bango ce?"

Wani yaro ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Malam ya yi ta lallashi. Ƙarshen mako za a rufe karɓar finafinai, ba shi ya sa ranar ba, ba shi da ikon ɗagawa. In Gendis ba ta miƙa komai ba, sai baɗi. Ga kuma hadari ya fara haɗowa ta yamma kwana biyun nan, kowa ya san ruwan farko na sauka gishiri ya zama labari.

"To a cire ni a sa aljani, na ji suna da kasuwa," in ji Bulik. Ta miƙe ta gyara malafa. "Gobe ina gona. Mai son fuskata ya san inda take."

Mu uku muka hau babur zuwa gida. Da muka isa Bulik ta wuce gona. Gendis ta tsaya a ɗaki gaban hoton bango, ta daɗe.

"Mas Sarju," haka take kirana don na girme ta, "kai ka san Mbah. Yaya kamanninta?"

Na buɗe baki zan zuba kamar kullum. Na tuna tana ba ni ƙanzo da gishiri, na tuna warin taba a zaninta. Fuskar kuwa na neme ta sama da ƙasa, sai farar matar nan ta bango ke fito mini.

Na ce, "Ta dai fi wannan kyau."

Gendis ba ta yi dariya ba. Ta ce in mai da ita makaranta. Abin da ta faɗa wa Pak Wiryawan ban ji ba, amma ta fito rungume da kyamarar makaranta, ta gaske, wadda ba ta san kara ba.

Kashegari muka tarar da wata matsalar. Gishiri fari fat, rana na dukansa, kyamara ta rikice. In gishiri ya fito daidai, fuskar Bulik ta zama inuwa ƙarƙashin malafa. In fuskar ta fito, gishiri ya zama wuta. Gendis ta ce ana buƙatar abin da zai maido haske kan fuskar, na makaranta kuma wasu sun tafi da shi. Na ruga gidan maƙwabciyar nan na aro babban tiren da take fitarwa ranar walima, na yi mata rantsuwar ko ƙwarzane ba zai yi ba.

Ina dawowa iska ta juya. Wani ya ƙwala ihu daga can ƙarshen gona, hadari! Nan fa gari ya fashe. Maza, mata, tsofaffi, har limamin unguwa da zanin da mazanmu ke ɗaurawa a naɗe, kowa ya faɗa fangali da manjagara. Ba mai lokacin kyamara. Bulik na ja, tana tarawa, tana loda kwando, tana zagin duk wanda ya tsaya mata a hanya. Gendis na binta a guje cikin ruwan gishiri har idon sawu. Ni kuma ina gefe na ɗaga tire sama, ina farautar 'yar ranar da ta rage ina watsa wa Bulik a fuska.

"Le! Ka makantar da ni, sai na sa ka cikin buhu!"

"Haƙuri, Bulik, aikin fasaha ne!"

"Fasahar gidanku! Ajiye ka ɗau kwando!"

Gendis ta ce, "Kar ka ajiye!"

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. Na riƙe tire da hannu ɗaya, ina jan kwando da ɗayan, na kasa gamsar da kowa.

Rana ta shige, sama ta yi baƙi, ɗigon farko ya buga tire kamar an jefe ni da tsakuwa. Aka kwashe abin da aka iya. Fangalin Bulik na ƙarshe ruwa ya riga mu. Ta tsaya a bakinsa tana kallon gishirin na narkewa, ta cire malafa ta kifa wa Gendis a kan kyamara, ruwa na bin tamojin fuskarta kamar ya san hanya. Gendis ba ta daina ɗauka ba. Can Bulik ta juyo, ta dubi kyamarar ido cikin ido.

"Kin samu? To zo ki kama mini buhu."

Kwanakin da suka rage Gendis ta yi su a gaban kwamfuta. Aikin rani guda ta zubar, sai inda aka ɗauki uwar ta baya ko daga nesa. Ta sake jera komai. Fim ɗin ya koma gajere, hoto na rawa, ana jin hakin mai ɗauka, a wani wuri ma ana ganin gefen tire da yatsuna na, wanda a ganina nan ne ya fi armashi. Manhajar da ta yi ɓarna ita ta yi gyara, amma wannan karon Gendis ta ɗaga hasken ne daidai yadda za a ga abin da ke wurin, ta tsaya. Ranar miƙawa Bulik ta sake hawa babur ɗina ta je ta duba da idonta, daga farko har ƙarshe, ta ce, "To." A bakinta wannan kalma lambar yabo ce.

Ranar nuni ɗakin taro ya cika. Bulik ta sa rigarta ta zuwa biki, 'yar'uwarta, wato uwata, ta biyo ta da hoda, Bulik ta ce ko kusa. Aka nuna na aljanin bayan gida, aka yi ihu. Aka nuna na soyayya, aka yi fito. Sai ga Bulik ta cika majigi, baƙa wuluk, gumi da gishiri sun yi mata fari-fari a gira. Daga layin baya wani ɗan banza ya ce, "Ƙanzo!" Wasu suka yi ƙus-ƙus.

Na yunƙura zan tashi, Gendis ta riga ni. Ta miƙe tsaye a tsakiyar mutane, ta juya.

"Uwata ce. Akwai mai tambaya?"

Bulik ma ta juya, ta bi layin baya da kallo. Fuska ɗaya a majigi, irinta sak a kan kujera. Ban san wadda ta fi ba yaran tsoro ba, amma har aka kai wurin ruwan sama ko tari ba a sake yi ba. Wata tsohuwa kusa da ni, ita ma ƙafarta a tsattsage, sai share ido take da gefen gyale.

Ba na Gendis aka tura Semarang ba, aljanin bayan gida ne ya tafi, Allah ya kai shi lafiya. Takardar gamawa dai ta samu. Sai ta ciro hoto ɗaya daga cikin fim ɗin, wanda Bulik ta juyo cikin ruwa, muka kai shagon wankin hoto a birni. Mai shagon ya duba ya ce, "Bari in ɗan gyara muku ita, kyauta." Gendis ta dafe masa hannu a kan linzami, ta tsaya a kansa har hoton ya fito.

Muka rataye shi kusa da na Mbah Sarmi. Bulik ta shigo daga rumbu, ta tsaya tana kallonsa, ta fi yadda na taɓa ganin ta kalli wani bango daɗewa. Ta kai yatsa gefen hancin sabon hoton, ta ce wa Gendis, "A nan tabon uwata yake. Sauran duk haka take." Gendis ta matsa kusa ta ƙura ido.

Na ga ɗakin ya yi nauyi, na ce bari in taimaka. Na hau kan kujera, na ɗauki tiren nan ina kaɗawa kamar ganga.

"Jama'a, a matsa! Ga tauraruwar majigi, giwar gishiri, wadda ta kayar da waya, ta kayar da kwamfuta, ta sa malam ya ɓoye tasa a aljihu! Bulik, duniya na saurare, me za ki ce wa masoyanki?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Sauka mini daga kujera. Kuma ka mayar wa mutane tirensu, ka lotsa shi."